Dalilin da Tunatarwar Waya Ke Makara

Akwai lokacin da mai haɗa manhajar Android zai umarci waya ta aiko da tunatarwa kullum ƙarfe shida na safe, ta kuma bi umarni ba gardama. Tun 2013, da fitowar Android 4.4, Google ya daina ba da tabbacin cewa ƙararrawa mai maimaituwa za ta buga a kan minti. A 2015 Android 6 ya zo da tsarin Doze, mai sa waya barci idan an ajiye ta, yana tara ayyukan manhajoji sai ta ɗan farka a yi su gaba ɗaya. Android 13 a 2022 ya ce ko sanarwar ma sai mai waya ya amince. Android 14 kuwa ya rufe wa yawancin sababbin manhajoji izinin bugawa a daidai lokaci, har sai mutum ya buɗe da hannunsa.

Babban dalili shi ne batir, domin duk farkawar da waya ta yi caji take ci. Amma masu manhajoji ma da hannunsu a ciki. Sun gano cewa saƙon kullum na jawo mutum ya dawo, sai wasanni da shagunan intanet suka mayar da shi hanyar talla, safe da dare. An yi ɓarna, kuma takunkumin ya rage ta.

Sai dai hukuncin ya haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Dubi manhajar lokutan salla. Magaribar Kano ta yau ba ita ce ta wata mai zuwa ba, saboda haka ba damar a ce wa waya ta maimaita kullum a huta. Dole a lissafa kowace salla daban, in wannan ta buga a saita mai bi mata. Kamar sarƙa ce, zobe ɗaya ya ɓalle sauran sun zube. Abin ɓallewar kuwa ba wuya: kashe waya a kunna kawai na share duk ƙararrawar da aka saita, sai in manhajar ta tanadi sake saitawa. A iPhone matsalar daban ce. Sanarwa 64 kacal Apple ya yarda manhaja ta ajiye a layi, wato da salla biyar a rana kwana 12 ne da 'yan kai. Wanda ya daɗe bai buɗe manhajar ba sai ya wayi gari ta yi shiru.

A Android, Google na nuna wa masu manhaja tsarin WorkManager don tsara ayyuka, amma shi ba ya alƙawarin minti, kuma ba ya maimaita aiki a ƙasa da minti 15. Ya isa ga darasin kullum. Ga mai jiran buɗe baki ko mai shan magani a kan lokaci, bai isa ba.

Kamfanonin waya kuma suna ƙara nasu. Wayoyi irin su Tecno, Infinix da Xiaomi na zuwa da tsarin tattalin batir da kan kashe manhajar da ke aiki a ɓoye, mai waya ya ɗora wa manhajar laifi ya goge ta.

Mai haɗa manhaja don mutanenmu ya gwada ta a kan wayar da ke hannun jama'a, ya kashe ya kunna, ya bar ta ta kwana a ajiye. Kai kuma mai waya, kafin ka goge manhajar salla ko ta magani, shiga saitin batir ka cire ta daga jerin waɗanda ake takurawa.