Kowane Fure da Ranar Garinsu

A shekarar 1892 wani jami'in mulkin mallakar Jamus, Walter von Saint Paul-Illaire, ya ci karo da wani ɗan ƙaramin tsiro a yankin duwatsun Usambara, arewa maso gabashin ƙasar da a yau ake kira Tanzaniya. Ganyensa kauri gare shi, ga gashi-gashi kamar karan-miski, furensa kuwa shuɗi ne mai ɗaukar ido. Ya aika wa mahaifinsa irin a Jamus, daga can ya isa hannun Hermann Wendland na lambun Herrenhausen da ke Hanoba, wanda ya raɗa masa suna Saintpaulia a 1893. Yau ga shi a tagogin gidaje daga Turai har Amurka, ana ce masa bayolet ɗin Afirka. Ya yi shekara fiye da 130 a tukunya, amma bai manta gida ba: a can Usambara a kan duwatsu masu danshi yake fitowa, ƙarƙashin manyan itatuwan kurmi, inda rana ba ta isowa sai ganyaye sun tace ta. Ka ajiye shi a rana tsaka, kwana kaɗan ganyen zai koɗe, ya yi tabo ruwan ƙasa kamar an ɗiga masa mai mai zafi.

To ga kariya, tamu ta gida, wadda masana ke kira Adenium obesum. Ita 'yar fili ce. Tana fitowa a busassun wurare na Sahel har zuwa ƙasar Larabawa, ta tara ruwa a kumburarren gindinta, ta zubar da ganye da rani sannan ta ɓarke da jajayen furanni a daidai lokacin da sauran itatuwa ke fama da ƙishi. Wanda ya kai ta kusurwar falo don ta ƙawata masa ɗaki ya sa ta a kurkuku. Rassanta za su miƙe sirara, furen ya ƙi zuwa, in kuma aka haɗa mata da yawan ban ruwa sai gindin ya ruɓe. Tana son aƙalla awa 6 na rana kai tsaye a kullum. Wajen taɓa ta kuma a kula, ƙaronta guba ne, har ana haɗa dafin kibiya da shi, don haka a ɗora ta inda hannun yara ba ya kaiwa.

Waɗannan biyun duk furannin daji ne da aka tsugunar a tukunya, amma abin da ke raya ɗaya shi ke kashe ɗayar. Tambayar farko ga mai sayen fure ita ce: a ina wannan yake fitowa in babu mai kula da shi?

Matsalar ɗaki ita ce ido yana yaudarar mai shi. Idon mutum na saurin sabawa da duhu, sai ka ga ɗaki tar alhali a wurin tsiro kusan magariba ce. Masu auna haske suna amfani da ma'aunin da ake kira lukus. Ranar tsaka a fili takan kai lukus 100,000, tsakiyar ɗaki kuwa sau da yawa ɗaruruwa ne kacal. Taku biyu daga taga ya isa ya zubar da mafi yawan hasken. Ɗakunanmu na gargajiya ma sun fi haka, domin da gangan aka ƙanƙanta tagoginsu saboda zafi. Gwajin da ba ya cin ko kwabo shi ne na inuwar hannu: da hantsi ka ɗaga tafinka kamar taƙi ɗaya a saman tukunyar. In inuwar ta fito da kaifi har ana ƙirga yatsu, wurin na kariya ne. In ta fito dishi-dishi amma ana gane hannu ne, ya dace da bayolet. In babu inuwar sam, to fure ba zai yi fure a nan ba, komai takin da ka zuba.

Akwai wata shawara da ke yawo a littattafan Turawa, wai tagar kudu ta fi kowace samun rana. Gaskiya ce a Landan, inda rana ba ta taɓa hawa tsakar ka. A Kano, da ke kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, lissafin daban ne. Rana na ratsa tsakar ka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da wajen ƙarshen Agusta, kuma tsakanin waɗannan lokuta ta ɗan karkata arewa. Sai da hunturu ne take jingina kudu har ta leƙo tagar wannan ɓangaren sosai. Ke nan tagar da ta zauna lafiya da furenka a Yuli na iya ƙona shi a Disamba. Tagar gabas ita ce mai amana, domin ranar safe tana da haske ba ta da zafi. Ta yamma kuwa, ranar la'asar ta bazara ba abar wasa ba ce, balle ta bayan gilashi. In ba ka da wata sai ita, sa labule mai shara-shara tsakani.

Furen ma yana faɗin damuwarsa. Bayolet ɗin da haske ya yi wa kaɗan yakan ɗaga ganyensa sama, ƙafafun ganyen su yi tsawo, launin ya yi kore shar amma babu fure. Wanda rana ta yi wa yawa yakan dunƙule, ganyen ya yi ɗorawa-ɗorawa ya lanƙwashe ƙasa. Duk tsiro kuma yana karkata wajen haske, saboda gefen da ke inuwa ya fi saurin tsawo. Maganin wannan, duk ranar ban ruwa ka ɗan juya tukunyar kashi ɗaya cikin huɗu.

Ƙurar hunturu ita ma labule ce. A goge gilashin taga, a goge ganyen kariya da jiƙaƙƙen tsumma. Na bayolet kuwa da burushi mai laushi ake kakkaɓe shi, domin ruwan sanyi na bar masa tabo. Ni dai a ganina bayolet ya fi dacewa da mutanen Jos da Mambila, tunda ya fi walwala tsakanin digiri 18 da 24 na zafi. Mai riƙonsa a Sakkwato cikin Afrilu ya ɗauko wa kansa aiki.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na tausayi. Mutum ya ga kariyarsa ta rame a ɗaki, sai ya kinkime ta zuwa tsakar gida rana ta duke ta wuni guda. Ganyen da ya girma a inuwa bai shirya wa wannan ba, ko da na 'yar Sahel ne, ƙonewa zai yi. A fara da awa ɗaya ko biyu na ranar safe a bakin baranda, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har mako biyu, kafin a bar ta a fili. In za a mayar da ita ɗaki ma haka ake bi, kuma a rage mata ruwa, tunda tukunyar da ke inuwa ba ta saurin bushewa.