Shin tsare mai taɓin hankali a Ingila ya ba likita ikon yi masa duk abin da ya ga dama?

Duk sanda aka kwantar da wani ɗan'uwa a asibitin masu taɓin hankali bisa tilas a Ingila, maganar da ke yawo cikin 'yan Afirka ita ce wai daga ranar ya zama na gwamnati, sai abin da likita ya ga dama. Tsoron yana da tushe, domin alƙaluman hukumar lafiya ta NHS sun daɗe suna nuna ana tsare baƙaƙen fata fiye da ninki uku na fararen fata. Amma rabin maganar ce gaskiya.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 1983, wadda aka gyara a 2007, ta amince a ba wanda aka tsare ƙarƙashin sashe na 2 ko na 3 maganin ciwon ƙwaƙwalwa ko bai yarda ba. Wannan haka yake. Sai dai bayan wata uku da fara maganin, dole majiyyacin ya amince, ko hukumar CQC mai sa ido kan asibitoci ta turo wani likita na daban ya duba ya sa hannu.

A nan ne sashe na 62, mai ba da ikon yin magani cikin gaggawa ba tare da jiran likita na biyu ba, ke shigowa, kuma shi aka fi yi wa mummunar fahimta. Ana ɗauka likita na cewa "gaggawa ce" shi ke nan an share duk wani sharaɗi. Ba haka ba ne. Dalilai huɗu kaɗai doka ta lissafa: ceton rai, hana ciwon taɓarɓarewa sosai, sauƙaƙa matsananciyar wahala, da hana majiyyaci cutar da kansa ko wasu, kuma a na ƙarshen ba a wuce abin da zai kawar da haɗarin ba. Idan maganar girgiza ƙwaƙwalwa da lantarki ce, dalilai biyun farko ne kawai ke aiki. Da zarar gaggawar ta wuce, ikon ya ƙare. A ganina, asibitin da ya mayar da wannan sashe hanyar guje wa likita na biyu ya ci amanar doka.

Ƙarya ce kuma a ce kowace tsarewa na ba da wannan iko. Wanda likita ya riƙe na awa 72 a sashe na 5(2), ko 'yan sanda suka ɗauko a sashe na 136, ba a tilasta masa magani da waɗannan sassan. Haka ciwon jiki da bai shafi ƙwaƙwalwa ba: in mutum na iya yanke wa kansa hukunci, yana da damar ƙin tiyata, kamar kowa.

Don haka in naka ne a ciki, tambayi ma'aikatan a wane sashe aka tsare shi, kuma ka nemi a haɗa shi da mai kare haƙƙinsa, wanda doka ta tanadar kyauta ga masu sashe na 2 ko na 3. Mai sashe na 2 yana da kwana 14 na farko ya kai ƙara kan tsarewar a kotun musamman ta lafiyar ƙwaƙwalwa, kada a bari su wuce.