Likitocin haƙori a jihar Tahoua: masu cire wa jama'a ciwo, su kwana da nasu

Idan ciwon haƙori ya kama mutum a Tabotaki, cikin gundumar Buza, yakan fara da kanumfari ko ƙwayar kashe zafi daga masu tallan magani. Sai kumatu ya kumbura, barci ya gagara, sannan a nemi kuɗin mota zuwa babban asibitin Tahoua ko wani gari mai likitan haƙori.

Wannan jinkirin kan likitan yake ƙarewa. Ya koyi cike haƙori da gyara shi, amma galibin waɗanda ke zuwa gabansa haƙorin ya riga ya ruɓe, sai cirewa. Yana wuni a sunkuye, wuya da baya na ciwo, ga marar lafiya na rawar jiki don tsoron allura, ga layi a ƙofa. Idan wuta ta ɗauke, injin ya tsaya da aiki a hannu. Da yake likitocin haƙori kaɗan ne a Nijar, kuma yawancinsu na Yamai, wanda ke nesa da babban birnin da wuya ya samu mai karɓar sa ya huta.

Mafi nauyi shi ne ganin yaro mai cutar noma, wadda ke farawa daga dasashi ta ci fuska cikin 'yan kwanaki. A Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci, kuma a Sakkwato akwai asibitinta tun 1999.

Hukumar ta bayyana a 2019 cewa gajiyar aiki da ta daɗe tana da alamomi uku: ƙarewar kuzari, fitar aikin daga rai, da raguwar ƙwazo. Likitan da ya kai nan yana iya zama mai saurin fushi ko kuskure, marar lafiya ne kuma zai ɗanɗana.

Masana na ba da shawarar ɗan hutu tsakanin marasa lafiya, miƙe jiki, isasshen barci da tattaunawa da abokan aiki, ko ta WhatsApp ne. Lokacin salla da shayin fada ma suna sauke gajiya.

'Yan ci-rani da ke turo kuɗin magani gida su ma suna da abin yi: su matsa a kai iyaye da yara asibiti tun ciwon na ƙarami, lokacin da likita zai iya ceto haƙorin.