Ciwon Baifola: Rawar Da Dangi Za Su Taka Bayan Likita Ya Tabbatar Da Cutar

Ciwon baifola larura ce ta ƙwaƙwalwa da ke jefa mutum tsakanin yanayi biyu masu tsanani. A wani lokaci kuzari ya yi masa yawa, barci ya ƙaurace masa, ya riƙa surutu babu tsayawa, yana kashe kuɗi ba lissafi. A wani lokacin kuma baƙin ciki ya rufe shi, ya daina walwala, ya kasa ko fita daga ɗaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da cutar a shekarar 2019.

Likitoci ba sa gano cutar ta hanyar gwajin jini ko hoton kai. Tarihin halayen majinyaci suke bi, inda suke neman tashin hankali da ya kai mako guda, ko damuwa da ta kai mako biyu. Sau da yawa majinyaci kan je asibiti ne lokacin da damuwa ta kwantar da shi, ya manta da kwanakin da ya yi cikin zumuɗi domin a ganinsa lafiya ce. A nan ne bayanin uwa, mata ko ɗan'uwa ke da muhimmanci, saboda maganin damuwa idan aka ba da shi shi kaɗai yana iya tunzura mai baifola ya koma cikin tashin hankali.

Daga cikin magungunan da ake amfani da su akwai litiyam, wanda wani likita ɗan ƙasar Ostireliya, John Cade, ya bayyana amfaninsa a 1949. Yana rage dawowar ciwon da kuma haɗarin kashe kai, amma yana buƙatar gwajin jini lokaci-lokaci domin duba yawansa a jiki da lafiyar ƙoda. Ƙarancin ruwa a jiki, kamar a tsananin zafin bazara ko lokacin gudawa, yana sa ya taru a jini. Haka ma magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takarda ba. Rawar hannu mai ƙarfi, amai, tangaɗi da sarƙewar harshe alamu ne na a garzaya asibiti. Mai shan wannan magani da ke niyyar azumin Ramadan ya kamata ya tattauna da likitansa tun watan Sha'aban.

Akwai kuma balfurowet, wanda ake sayarwa da sunan Epilim. Yana iya yi wa jaririn da ke ciki illa, don haka dole a sanar da likita idan majinyaciya na da juna biyu ko tana shirin ɗauka. Shi kuwa Tegretol yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Wasu magungunan kwantar da hankali kan kawo ƙiba da hawan sukari. Makonnin farko bayan haihuwa ma lokaci ne da ciwon kan taso da ƙarfi, saboda haka mai jego da ke da tarihin cutar na buƙatar barci isasshe da sa ido.

Babban ƙalubalen da iyalai ke fuskanta shi ne daina shan magani da zarar sauƙi ya samu. Yanke litiyam farat ɗaya yana ƙara yiwuwar ciwon ya dawo cikin gaggawa. Idan magani na damun majinyaci ko kuɗinsa ya gagara, mafita ita ce a koma wurin likita a nemi sauyi ko ragi a hankali. Zuba masa magani a abinci a ɓoye kuwa yana rushe amana, kuma maido da ita yana da wuya.

Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda tsohon Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Janairun 2023, ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tabbatar wa majinyaci 'yancin a sa shi cikin shawarar yadda za a yi masa magani. Lokacin da yake cikin natsuwa ne ya fi dacewa a zauna da shi a tsara wanda za a kira da asibitin da za a je idan alamu suka dawo, da wanda zai riƙe masa katin banki na ɗan lokaci. Raguwar barci na daga alamun farko da dangi za su lura da su.

Addu'a da ruƙiya ba sa hana shan magani, ana iya haɗa su. Ɗaurewa da mari, duka ko kulle mutum a ɗaki kuwa ƙara dagula ciwon suke yi. Duk maganar kashe kai da ta fito daga bakin majinyaci a ɗauke ta da gaske, a kawar da guba da makamai, kada a bar shi shi kaɗai har sai an ga likita.

Ana samun ƙwararru a asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, Yaba a Legas da Aro a Abeokuta, da kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i. Masu jinya su ma suna gajiya, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, don haka raba nauyin rakiya da sayen magani tsakanin dangi na taimaka wa kowa. Da magani a kan lokaci da barci mai tsari, masu wannan larura da dama suna ci gaba da karatu, sana'a da riƙe iyali.