Kreator: Makaɗan da Suka Tashi a Bakin Ramin Kwal

Wanda bai saba ba, da ya ji kiɗan Kreator zai toshe kunne ya ce hayaniya ce kawai. Ganga na gudu ba ji ba gani, jitar lantarki na ruri, mawaƙin kuma da ihu yake rera baitinsa. Wannan salo shi ake kira thrash metal, ya kuma ɓullo ne a farkon shekarun 1980. A Amurka Metallica da Slayer ne suka yi suna da shi. A Jamus kuwa huɗu ake lissafawa: Kreator, Sodom, Destruction da Tankard.

Ba a fahimtar zafin kiɗan Kreator sai an san inda suka fito. Garinsu Essen yana yankin Ruhr, wanda a da shi ne cibiyar haƙar kwal da narka ƙarfe ta Jamus, inda ma'aikata daga Italiya da Turkiyya suka yi ta kwararowa neman abinci. Mille Petrozza, mawaƙin ƙungiyar kuma mai kaɗa jita, shi kansa mahaifinsa ɗan Italiya ne. A 1982 shi da abokinsa Jürgen Reil mai ganga, wanda aka fi sani da Ventor, suka fara kiɗa tare suna 'yan makaranta. A lokacin arzikin kwal ya kama hanyar ƙarewa. Babbar mahaƙar Zollverein da ke Essen ma an rufe ta a 1986. Samari sun ga aikin da ya ciyar da iyayensu yana sulalewa, sai wasunsu suka juye takaicin a kan jita. Hatta wurin da Kreator suka riƙa yin atisaye, Zeche Carl, tsohuwar mahaƙar kwal ce da aka mayar cibiyar al'adu.

Sun fara da wasu sunaye, har da Tormentor, kafin kamfanin Noise Records na Berlin ya fitar da faifansu na farko, Endless Pain, a 1985. Na biyu, Pleasure to Kill na 1986, shi ya ɗaga su. Saurinsa da kaushinsa sun zama makaranta ga makaɗan death metal da suka biyo baya. Ko Napalm Death ta Ingila sai da ta sake rera wata waƙa daga cikinsa. A 1990, watanni kaɗan bayan faɗuwar katangar Berlin, suka yi wasa a Berlin ta Gabas a gaban matasan da a da sai a kaset suke jin su.

Gaskiya waƙoƙinsu na farko cike suke da zancen jini da kisa, irin na yaran da suka ƙoshi da finafinan ban tsoro, kuma hotunan bangon faifansu ba kowane mai karatu zai so ya kalla ba. Amma da Petrozza ya manyanta, sai alƙalaminsa ya koma kan yaƙi, wariyar launin fata, gurɓata muhalli da 'yan ra'ayin Nazi, waɗanda yake caccaka a fili. A ganina nan ne darajarsu take, ba a ƙarar ba.

Shekarun 1990 ba su yi musu daɗi ba. Sun gwada sassauta kiɗan a Renewal na 1992 da Endorama na 1999, tsofaffin masoya da dama suka ja baya. Da suka koma salonsu na asali a Violent Revolution na 2001, kasuwa ta sake buɗewa. A 2017, shekara 35 da kafuwarsu, faifan Gods of Violence ya hau matsayi na ɗaya a jerin faya-fayan da aka fi saye a Jamus, karo na farko a tarihinsu. A shekarar da ta biyo baya, a Disambar 2018, aka rufe Prosper-Haniel, mahaƙar kwal ta ƙarshe a yankin Ruhr.