Murya A Matsayin Mabuɗin Shiga Shafin Intanet

A darasin ilimin furuci mun koyi cewa maƙogwaro da baki da hanci ne ke tsara sautin magana. Da yake girmansu ya bambanta daga mutum zuwa mutum, kowa da irin muryarsa. Da wannan ne masu gina shafukan intanet ke dogara wajen mayar da murya mabuɗin shiga.

Matakai biyu ne. Ranar rajista, mutum zai maimaita wata jimla a makirufo, kwamfuta ta auna siffofin muryar ta adana su a matsayin lambobi. Duk ranar da ya dawo, sai ta kwatanta sabuwar murya da tsohuwa. Kamanni take nema, ba ruwanta da ma'ana. Shi ya sa mura ko hayaniya kan sa ta hana mai asusu shiga.

Akwai kuma haɗari. A 2017 abokin tagwaicin wani ɗan jaridar BBC ya kwaikwayi muryarsa ta waya, ya shiga asusunsa na bankin HSBC. Yanzu ma manhajoji na iya kwaikwayon muryar mutum. Kalmar sirri in an sace ana sauya ta, amma wa zai sauya muryarsa? Don haka a ganina, a haɗa murya da lambar sirrin da ake turowa ta waya.