Ilmi da Jinsi a Ƙananan Sana'o'in Ƙasar Mafara

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, shinkafa ta zama ginshiƙin tijara a Talata Mafara da Bakura da Maradun, amma duk wanda ya bi buhu guda daga fadama zuwa kasuwar Talata zai ga cewa wahalar tana hannun wasu, riba kuwa tana taruwa a hannun wasu. Mace ce ke jiƙa shinkafar, ta turara ta, ta shanya, ta sheƙe, alhali namiji ne ke saro ta, ya kai inji, ya yi ciniki da baƙin 'yan kasuwa, ya san farashin Gusau da na Sakkwato kafin ya buɗe baki.

Galibi akan ce ilmi ne ya raba su, kuma akwai ƙamshin gaskiya, sai dai ba takardar shaidar kwalejin Abdu Gusau ake nufi ba. Abin da ke raya jari shi ne hisabi, wato mutum ya iya rubuta bashin da ya bayar, ya raba uwar kuɗi da riba, kuma wannan, ko da ajami aka yi shi, ya wadatar. Matar da ba ta rubutu kanta ne littafinta, saboda haka kuɗin ƙuli-ƙuli da na cefane da zubin adashi sukan gauraya cikin kwano guda, ranar da aka tashi yi wa ɗiya kayan ɗaki kuwa jarin ya tafi ɗungurungum.

A nan ne illar take, domin matar kulle ba ta da ƙafa zuwa kasuwa sai ɗiyarta, wadda tallar safe ke hana ta zuwa makaranta, har ita ma ta girma ta gaji sana'ar tare da rashin hisabin. Ba shari'a ce ta hukunta haka ba, tun da fiƙihu ya tabbatar wa mace mallakar dukiyarta, Shehu Usmanu kuma, wanda ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara, ya zargi malamai masu barin matansu cikin jahilci.

Rashin tsaro ya ƙara dagula al'amari. A 2021 an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe, iyaye da yawa suka janye 'ya'yansu daga karatu, sa'an nan hukuma ta rufe kasuwannin mako, ta katse waya. Mai babban jari ya nemi wani gari, mai tukunya guda kuwa ta cinye nata a gida.